Wasiƙar tagulla da Sarki Charles ya je buɗewa a Staffordshire, kun gani kuwa?

Baban Ilham:
Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya Litinin ina kan aiki na kunna rediyo a mota sai na ji wai Sarki Charles ya je filin nan na tunawa da 'yan mazan jiya da ke Alrewas kusa da Lichfield, ya ajiye furanni a gaban wani sabon abin tunawa da aka yi wa sojojin da aka kora daga aiki saboda luwaɗi da maɗigo, har da waɗanda ke cikin kaki yanzu. Da na koma gida na duba hoton, ba mutum-mutumi ba ne, wata takarda ce ta tagulla a tsaye kamar wasiƙar da aka dunƙule aka jefar sannan wani ya tsinta ya warware. Wai fam dubu 350 gwamnati ta bayar. To ni tambayata ita ce wannan fa kuɗin harajinmu ne, mu da muke kwana a kan sitiyari, asibiti kana layi wata da watanni kafin ka ga likita, amma akwai kuɗin narka tagulla. Ko ni kaɗai abin ya dama?

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam. Ba kai kaɗai ba ne Baban Ilham, nima na gani na ce ikon Allah sai kallo. Ƙasarsu ce dai.

Malam Leicester:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hukuncin wannan aiki a addininmu ba ɓoyayye ba ne, kowa a gidan nan ya sani, ba sai na jawo ayoyi ba. Abin da ke damuna shi ne yaranmu, makarantu suna kai ɗalibai wannan fili ziyara, yaro zai je ya ga an gina abu, sarki da kansa ya zo ya ajiye fure, me zai ɗauka a ransa? Zai ɗauka abin yabo ne. Allah ya shirya mana zuri'a.

Ɗan Zazzau:
Amin Malam

Barista:
Amin. Amma kafin zance ya yi nisa bari in ɗan sa baki don na ga kamar ana ɗauka lambar yabo ce aka ba su a kan abin da suke yi a ɗakinsu, alhali maganar ta fi kama da biyan bashi. A 1967 aka cire abin daga jerin laifuffuka a Ingila da Wales ga manya idan a keɓe ne, amma aka ce ban da soja. Wato farar hula ba ruwan doka da shi, amma in kana sanye da kaki har kotun soja za a iya kai ka a ɗaure ka, haka aka tafi har 1994, bayan nan ma an daina ɗauri ne kawai, korar ba ta tsaya ba. Sai da mutum huɗu suka kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai da ke Strasbourg, Duncan Lustig-Prean da John Beckett daga sojan ruwa, Jeanette Smith da Graeme Grady daga sojan sama, a watan Satumba 1999 kotu ta ce an keta musu haƙƙin sirrin rayuwarsu. Ran 12 ga Janairu 2000 ministan tsaro Geoff Hoon ya tashi a majalisa ya ce an ɗage haramcin. To waɗanda aka kora cikin shekaru 33 ɗin nan su ne asalin maganar.

Baban Ilham:
Barista ai doka ce a lokacin, sun san da ita suka shiga. In ka shiga gidan mutum ai dokarsa za ka bi.

Barista:
Haka ne Yaya, kuma da sallama kawai ake yi a ba mutum haƙƙinsa ya kama gabansa da watakila ba a kai nan ba. Yadda ake yin korar ne matsalar. Akwai sashen bincike na musamman na 'yan sandan soja, su ne za su zo su fasa akwatin mutum a bariki, su kwashe wasiƙunsa da hotuna da littafin da yake rubuta sirrinsa, su zaunar da shi awa da awanni suna masa tambayoyin da ba zan iya rubutawa a gidan nan ba, wasu a kai su likita ya tuɓe su ya duba, a ce sai ka faɗi sunan wasu. Mutum ya yi shekara 15 yana aiki rana ɗaya a cire masa igiya, a karɓe lambobinsa, wani fanshonsa ya bi ruwa, a rubuta dalilin korar a takardar sallama yadda duk inda ya je neman aiki za a gani. Shi ya sa masu zanen suka zaɓi wasiƙa, don wasiƙun mutane aka riƙa kafa hujja da su a kansu.

Maman Sadiq:
Salam. Ni da ban yi niyyar magana ba wlh don na san yadda irin wannan zancen ke ƙarewa a gidan nan, amma bari in faɗi abin da idona ya gani. Kun san aikin kula da tsofaffi nake yi gida gida. Shekara biyu da suka wuce an ba ni wani dattijo, ya haura 70, shi kaɗai a ɗan ƙaramin gida hawa na biyu, ba mata ba ɗa ba jika, ƙafa ta kumbura da ciwon suga. Mutumin nan ko kofin shayi ya ajiye sai hannun kofin ya kalli gefe ɗaya, gadonsa kuwa duk da ciwon in na gyara sai ya bi baya ya ja zanin ya miƙe kamar an goge. Takalmansa biyu a bakin ƙofa kullum suna ƙyalli alhali ba ya fita ko'ina. Na ce masa Baba kai soja ne ko, ya ce a'a. Sai da muka yi kusan wata biyar rannan ina neman masa safa a durowa na ci karo da hoto, saurayi cikin farin kaya na sojan ruwa da hular nan tasu. Na ce to wannan fa? Ya yi shiru ya yi shiru har na ji kunya na ce ya yi haƙuri. Sai ya ce shekara tara ya yi a jirgin ruwa, wata rana aka kira shi ofis, ya tarar da wasiƙunsa a baje a kan tebur, wani yana karantawa da ƙarfi saura suna dariya. Kafin sati ya zagayo yana tashar jirgin ƙasa da jaka ɗaya. Ya je gida ya tarar labari ya riga shi, ubansa ya tsaya a bakin ƙofa bai bar shi ya shiga ba, kuma har uban ya mutu ba su sake magana ba. Ya ce min tun ranar bai ƙara ce wa kowa ya taɓa yin soja ba, in watan Nuwamba ya zo ana sa jan furen nan na tunawa da sojoji a ƙirji shi rufe labule yake yi.
Ni musulma ce, na san abin da addinina ya ce, ban canza ba. Amma ranar a mota na zauna na yi kuka kafin in tafi gida na gaba.

Hajiya Babba:
Allah sarki. Ƙanwata yana nan da rai?

Maman Sadiq:
Anti an canza min layi bara, amma abokiyar aikina ta ce yana nan, wai har ya cike takardar neman a dawo masa da hularsa. Abin da ya fi damunsa kenan fa, hula, ba ma kuɗin ba.

Malam Leicester:
Maman Sadiq Allah ya saka da alheri a kan aikin da kike yi, kula da tsoho marar kowa lada ne ko wane ne shi. Kuma ban ce abin da aka yi masa daidai ba ne. Bin diddigin mutane da buɗe musu wasiƙa ai shi ne tajassusi, Suratul Hujurati ta hana mu ƙarara, wanda Allah ya rufa wa asiri ba aikin wani ba ne ya fasa akwatinsa yana karanta wa mutane suna dariya. In an zalunce shi a biya shi, a mayar masa da fanshonsa da hularsa, ban da ja. Inda na tsaya shi ne gini. Biyan haƙƙi daban, kafa alama a bainar jama'a daban.

Barista:
Malam ai an yi duka biyun, kuma daga tushe ɗaya suka fito. Gwamnati ta naɗa wani tsohon babban alƙali Lord Etherton ya binciki lamarin, mutum sama da 1,100 suka ba da shaida, ya fitar da rahoto a watan Yuli 2023 da shawarwari 49. A ranar firaministan lokacin Rishi Sunak ya nemi gafara a majalisa, kuma ku lura gwamnatin masu ra'ayin riƙau ce ta Conservative ba Labour ba. Cikin shawarwarin akwai diyya, akwai dawo da muƙami da hula, akwai gyara takardun sallama, akwai wannan abin tunawar. Bayan Labour ta hau, a Disamba 2024 ta ware fam miliyan 75, wanda aka kora zai samu dubu 50, sai ƙarin da zai iya kaiwa dubu 20 gwargwadon wahalar da mutum ya sha. Ƙungiyarsu Fighting With Pride ita ta jagoranci aikin ginin. Shi Etherton ɗin ma bai ga an buɗe ba, ya rasu a watan Mayun 2025.

Baban Ilham:
Miliyan 75!! Ni ina kukan dubu 350 ashe an yi ba ni wuri

Ɗan Zazzau:
Hhhhh Baban Ilham sha ruwa

Barista:
Yaya raba ka gani. Mutumin da aka kora yana ɗan shekara 25 a 1985, ya rasa aikin shekara 20 da fanshon da zai ci har ya mutu, dubu 70 nawa take? Ko rabin gida ba za ta saya ba a Birmingham ɗin da kake. Su kansu da yawa suna cewa ta yi kaɗan kuma biyan yana tafiyar hawainiya, mutanen kuma tsofaffi ne suna ta mutuwa.

Jikan Boma:
Ni fa duk wannan ba shi ne ya tsaya min a rai ba. Ku bari in faɗi nawa. Kakana na wajen uwa ya je yaƙin Boma, daga Zariya aka kwashe su, runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, suka ratsa dajin Kaladan da kaya a ka, damina a kansu, Japanawa a gabansu. Ya dawo da kunne ɗaya ba ya ji. Ina yaro ina ganin lambobinsa a cikin wani tsohon gwangwanin taba a ƙasan adakar kakata, ƙyallen jikinsu duk ya koɗe, in ya ji daɗi ya fito da su ya goge da toka ya ba mu labarin yadda ruwa ke kai musu har wuya. Ya mutu yana gadi a wani kamfani a Kaduna. Ba wanda ya taɓa rubuto masa ko da layi ɗaya daga Landan. To yanzu in ji an nemi gafarar wasu, an ba su dubu 70, sarki ya je da fure, wlh ba hassada nake ba amma sai na ji wani abu ya tokare min maƙoshi. Su kakanninmu fa? Ko don su ba su da ƙuri'a a nan?

Hajiya Babba:
Allah ya jiƙan mazan jiya. Mu ma a unguwarmu akwai wani tsoho da muke ce wa Baba Saje, in ya ji ƙarar jirgin sama sai ya shige ƙarƙashin rumfa, yara suna ta dariya ba mu san komai ba lokacin. Allah ya yafe mana.

Ɗan Bariki:
Jikan Boma ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni a bariki na tashi, babana ya yi ritaya yana samanja. Mutane suna wucewa ta gaban barikin Kalapanzin a Kaduna da Chindit a Zariya da Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, ba su san duk sunayen daga yaƙin Boma aka samo su ba, Gana ma babban barikinsu na Accra sunansa Burma Camp. Sunan wurin da aka yi yaƙin mun riƙe, sunan mutanen da suka mutu a wurin kuwa sai ka tona.

Ɗan Damagaram:
Mu na Faransi ma kanwar ja ce. Tsofaffinmu sun yi musu yaƙi, da suka nemi kuɗinsu a Thiaroye kusa da Dakar ran 1 ga Disamba 1944 aka buɗe musu wuta, sai 2024 bayan shekara 80 Macron ya yarda kisan kiyashi ne. Fanshon waɗanda suka rayu kuma aka daskarar da shi tun 1959, Bafaranshe na karɓar nasa cikakke namu na karɓar abin da bai kai na goro ba, sai da yawancinsu suka mutu aka ce za a daidaita. Don haka ni ban yi mamaki ba, Bature sai ya ga kabari ya cika yake tuna bashi.

Ummi ƙarama:
Salam iyayena da yayyena, ku yi haƙuri in sa baki ni ƙarama. Ni a nan aka haife ni kuma na je filin nan sau biyu, ɗaya da makaranta ɗaya da Abbana. Wuri ne babba sosai, eka 150, abubuwan tunawa sun fi 400, akwai na 'yan sanda, na ma'aikatan kashe gobara, na matan da suka yi noma lokacin yaƙi, na sojojin Sikh, na fursunonin da Japan ta sa su gina layin dogo a Boma. Wanda ban manta ba yana can ƙarshen filin wajen kogi, mutum-mutumin wani yaro an ɗaure masa ido da hannu, a bayansa turaku sama da 300 kowanne da suna. Sojojin da Birtaniya da kanta ta harbe a yaƙin duniya na ɗaya ne wai sun gudu ko sun ji tsoro, wasunsu ba su kai 20 ba, sai 2006 aka yafe musu. Malam abin da nake so in ce da girmamawa shi ne da na tsaya a wurin ban ji ana ce min gudu daga fagen yaƙi abin yabo ba ne, abin da na ji shi ne ƙasar tana cewa mun yi wa yaran nan ba daidai ba. Ina ga wasiƙar nan ma haka yara za su karanta ta.

Malam Leicester:
'Yata Allah ya yi miki albarka, kin yi magana da hankali. Sai dai akwai bambanci. Waɗancan an yafe musu ne, wato har yanzu ana ganin gudu laifi ne amma hukuncin ya yi tsanani. Wannan kuwa ba yafiya ba ce, cewa ake dama can ba laifi ba ne, har da tutoci masu launi. Ke kin tashi a gidan da aka koya miki, wani yaron fa?

Ummi ƙarama:
Gaskiya ne Malam akwai wannan bambancin ban musa ba. Amma ai a ajinmu ma akwai masu iyaye mata biyu, ba sai an kai yaro Staffordshire zai san akwai abin ba. Tarbiyya dai tana gida.

Ɗan Zazzau:
Ni tsorona kar gobe su ce sai mun yi irinsa a Abuja kafin su ba mu bashi

Ɗan Bariki:
Haba Ɗan Zazzau wa ya kawo Abuja a nan. Mu da dokar 2014 tana nan shekara 14 a gidan yari, dokar soja ma ta hana. Maganar Ingila ake yi da sojojin Ingila. Amma bari in faɗa muku wani abu a matsayina na ɗan bariki, a soja ba abin da ya kai a cire maka lamba a gaban mutane ciwo, gara a ɗaure ka. Na karanta labarin wani Joe Ousalice, mai aikin rediyo a sojan ruwa, ya yi kusan shekara 18, ya je yaƙin Falkland a 1982, a 1993 aka kore shi aka sa almakashi aka yanke lambar daga ƙirjin rigarsa. Almakashi fa jama'a. Sai da ya kai ma'aikatar tsaro kotu sannan aka dawo masa da ita a 2020. Babana in ya ji an ce an yanke wa soja lamba ba zai tambayi me ya yi a ɗakinsa ba, zai tambaya ya gudu ne a fagen fama? In bai gudu ba to lambarsa tasa ce. Harsashi ba ya tambaya.

Abu Hanif:
Wlh kun ba ni mamaki a gidan nan, musulmi suna zaune suna tausaya wa mutanen Annabi Luɗu, zaman Turai ya gama da wasu. Wasu ma ina zargin

Kawu Admin:
Abu Hanif tsaya nan. Na goge sauran saƙon naka. Dokar gidan nan tun ranar da aka buɗe shi ba zagi ba jifan mutum da zargi, kuma kai ka san hukuncin ƙazafi ka fi ni sani. Malam Leicester ya fi ka tsauri a kan mas'alar amma ka ga ya zagi wani? Faɗi ra'ayinka ka bar mutuncin mutane.

Abu Hanif:
Na ji Kawu. Amma ra'ayina bai canza ba, bai kamata ba, kuma ba zan kai 'ya'yana wurin ba.

Kawu Admin:
Wannan haƙƙinka ne, ba mai tilasta ka.

Maman Sadiq:
Abu Hanif ni na wanke wa mutumin nan ƙafa wata bakwai, in tausayinsa laifi ne to Allah ya gani. Ban ce maka halal ba ne.

Barista:
Bari in koma kan maganar Jikan Boma don ita ce ta fi ci min rai kuma ban so ta nutse. Gaskiya ne an yi wa namu rashin adalci kuma su da kansu sun amsa. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum dubu 116, watakila har dubu 350, yawanci 'yan Afirka da Masar da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya ba a rubuta sunansu ko'ina ba, alhali Bature ko ba a ga gawarsa ba sai an sassaƙa sunansa a dutse. Ministan tsaro na lokacin Ben Wallace ya nemi gafara a majalisa a kan wannan, shi ɗin dai da ya nemi gafarar waɗannan sojojin bayan shekara biyu. A Landan akwai ƙofofin tunawa a Hyde Park Corner tun 2002 na sojojin Afirka da Indiya da Karebiyan, akwai wani a Brixton tun 2017. Amma diyya ga wanda ya je Boma, shiru.
Abin da nake so mu duba shi ne ta yaya su suka samu. Ba tausayi ne ya kama gwamnati rana ɗaya ba. Mutum huɗu sun yi shekaru suna shari'a, sun faɗi a kotunan Ingila suka wuce Turai. Bayan nan tsofaffin sojoji suka kafa ƙungiya, suka bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, mutum sama da dubu suka ba da shaida a rubuce. Kanada ma haka, wata soja Michelle Douglas ce ta kai ƙara aka ɗage nasu haramcin a 1992, firaministansu na lokacin Trudeau ya nemi gafara a 2017. Mu kuwa lambobin kakanninmu suna cikin gwangwani, in tsohuwa ta mutu a raba kayan ɗaki yara su yi wasa da su su ɓace.

Jikan Boma:
Barista ka soke ni amma gaskiya ce. Ni kaina ban san lambar aikinsa ba. Ban ma tabbata gwangwanin yana nan ba tun rasuwar kakata, sai na kira ƙanwar mamana.

Ɗan Bariki:
Ka kira ta yau ba gobe ba. Ka ce ta ɗauki hoton gaba da baya da gefe, in akwai wata takarda ko littafin sallama a adakar ko ya yage ta haɗa da shi, nan lambar aiki take. Da lamba da suna da runduna ana iya bin sawu.

Baban Ilham:
To ni da na buɗe zancen har yanzu ina nan a kan bakana game da kuɗin, da asibiti aka kai su ya fi. Amma labarin dattijon Maman Sadiq ya hana ni sakat tun ɗazu, ina ta tuna wani fasinja da nake ɗauka duk Laraba zuwa wankin ƙoda, shi ma haka yake tsaf tsaf ba ya son magana, ko waye ya san abin da ke cikin durowarsa. Maman Sadiq in kin samu hanya ki gaishe shi.

Maman Sadiq:
Zan sa a faɗa masa in sha Allah. Zai ce wane ne kuma Baban Ilham hhh

Malam Leicester:
Ni ma ina nan inda nake a kan ginin, kar gobe a ce Malam ya sauka. Amma maganar kakanninmu in za a yi wani abu a sa sunana, a masallacinmu kaɗai na san gida uku da kakanninsu suka je Boma, ɗaya ma Bagane ne daga Kumasi.

Hajiya Babba:
Ummi wurin nan ana biyan kuɗin shiga ne? Kuma akwai inda mutum zai zauna, ni ƙafata ba ta son doguwar tafiya.

Ummi ƙarama:
Anti shiga kyauta ne, kuɗin ajiye mota kawai ake biya. Akwai kujeru ko'ina kuma akwai wata 'yar mota mai kamar jirgin ƙasa da ke zagayawa da mutane. Amma ki sa rigar sanyi mai kauri, fili ne iska ba ta da kirki, kuma in an yi ruwa ciyawar taɓo ce.

Ɗan Zazzau:
Wato yanzu daga faɗa an koma shirya tafiya kenan

Hajiya Babba:
Ni wajen na Boma zan je in yi wa Baba Saje addu'a, wanda ya ga dama ya leƙa wasiƙar wanda bai ga dama ba ya zauna a mota. Baban Ilham motarka mutum nawa take ci?

Baban Ilham:
Bakwai Hajiya, amma ban da Asabar, ranar nake samun na cefane.

Jikan Boma:
Jama'a na kira ta. Gwangwanin yana nan, wai lambobi uku ne ba huɗu ba ɗaya ta ɓata, kuma akwai wata takarda a naɗe cikin leda amma ta ce rubutun ya dusashe ba ta iya karantawa. Wuta ta ɗauke a can, da safe za ta turo hoton.

Ɗan Bariki:
Ka ce kar ta warware takardar da ƙarfi, in ta manne ta bar ta haka ta ɗauka.